Gwanayen Sanyaya Giya a Garejojin Bauchi

Allurar zafi da ke gaban direba labarin ruwan inji kaɗai take bayarwa. A yawancin motoci babu abin da ke nuna halin da man giya yake ciki, shi ya sa mutum zai taso daga Bauchi da tsakar rana a watan Afrilu, zafi ya doshi digiri 40, Sienna cike da mutane da buhuna, ya wuce Zaranda da Nabordo, ya kama hawan Panshanu, allura tana zaune a tsakiya lafiya lau, alhali man giya na dahuwa a ƙarƙashinsa. Bauchi tana kan tsayin kusan mita 600 daga teku, Jos kuwa kusan mita 1,200, tsakaninsu tafiyar kilomita 130 ko kusa da haka. Wannan hawan giyar atomatik ce ke biyan kuɗinsa, kuma ba ta kuka sai ta gama lalacewa.

Akwai kanikawa a garin nan da suka gane wannan sarai, kuma aikinsu yana burge ni ƙwarai. Bauchi ta san inji tun da daɗewa, tun zamanin da kamfanin Steyr ya fara harhaɗa manyan motoci da taraktoci a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da Peugeot 504 ta Kaduna ke mulkin hanya. Amma duk waɗancan giyar hannu ce. Atomatik ta yawaita ne da shigowar motocin Kwatano, kuma babu wanda ya zaunar da kanikawanmu ya koya musu ita a aji. Kwancewa suka yi ta yi suna ɗaurawa, suna shinshina ƙonannen mai, har suka gano cewa galibin giyoyin da ake kawo musu a mace zafi ne ya kashe su.

Tushen zafin yana cikin wani ƙullin ƙarfe da ke tsakanin inji da giya, wanda suke kira kwanbata. A cikinsa akwai abu kamar fanka biyu suna fuskantar juna, sai dai maimakon iska, mai ne a tsakaninsu. Inji yana juya ta farko, ita ta watsa mai, man ya tura ta biyu, ta biyun ta ja mota. Kullum ta farko ta fi ta biyu gudu, kuma wannan bambancin duk zafi yake komawa. A kan miƙaƙƙiyar hanya, idan mota ta sami gudu, wani kuloci yana manne su biyun wuri guda, zafin ya ragu. A hawa da kaya, ko a cunkoson Wunti da Muda Lawal inda ake taka burki ana saki, kulocin ba ya samun zama, sai man ya yi ta dakuwa.

Man kuwa aikinsa ya wuce santsi. Shi ne ke ɗaukar ƙarfin inji, shi ne ke matse faifan kulocin ciki da ake kira faiba don giya ta canza, shi ne kuma ke kwashe zafi ya fita da shi. Ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 80 zuwa 95. Idan ya haura 120 ya daɗe a can, sai ya fara ƙonewa, robobin da ke riƙe matsi su ƙandare, faiba ta fara zamewa, zamewar ta ƙara haifar da wani zafin. Gwani yana zaro geji ya ɗiga man a kan farar takarda. Ja garau, lafiya. Ruwan ƙasa mai duhu, an sha wuya. Baƙi mai ƙauri, da ɗan ɓurɓushi idan an murza tsakanin yatsu, to sai ya dubi mai mota ya ce, "Alhaji, wannan ta riga ta ci faiba, sai mun sauke ta."

Masu ƙera mota ba su manta da zafin ba. A cikin tankin lagireto sun ɓoye wani ɗan bututu da man giya ke ratsawa, ruwan inji yana kewaye shi yana karɓe masa zafi. Dabara ce mai kyau, amma an auna ta ne da motar da ke ɗauke da iyali a Turai ko Amurka, da sabon lagireto, ba motar da ta shekara ashirin, ta sha ruwan rijiya mai kanwa, tana jigila tsakanin Bauchi da Azare ba. Ko a can ɗin ma lissafi yana kuɓucewa. A 2004 kamfanin Honda ya kira motoci sama da miliyan ɗaya, har da Odyssey da Pilot da Accord mai silinda shida, saboda giya ta biyu tana yin zafi, aka ƙara musu wani bututu mai fesa mata mai. Motocin tsere ma haka. Mustang Shelby GT350 ta 2016, wadda giyarta ta hannu ce, wasu samfuranta sun fito babu na'urar sanyaya giya. Masu su da suka shiga filin tsere sai kwamfutar motar ta riƙa rage ƙarfi don kare ta daga zafi. Daga 2017 Ford ya sa na'urar a dukkansu. Abin da ya dami mai Mustang a filin tsere shi ne yake damun mai Sienna a hawan Panshanu, maganin kuma ɗaya ne: a ƙara wa man wani ƙaramin lagireto nasa na kansa, wanda iska za ta riƙa bugawa kai tsaye.

A baki abu ne mai sauƙi. Ƙaramin lagireto, tiyo biyu, kilif huɗu. Gwanintar tana cikin abubuwan da ba a saye a shago.

Na farko shi ne gane wane bututu ne wane. Bututu biyu ne ke fitowa daga giya zuwa lagireto, ɗaya mai kai zafaffen mai, ɗaya mai dawo da shi. Daidai shi ne man ya fara bi ta lagireton asali, sannan ya shiga sabon, sannan ya koma giya. Wato a kan bututun dawowa ake yanka. Idan aka juya, sabon ya sanyaya man, ruwan inji mai digiri 90 ya sake ɗumama shi, an yi aikin banza. Bututun kuwa ba rubutu a jikinsu. Na ga yadda ake yi: a tayar da mota da sanyin safiya, oga ya sa yaro ya taka burki ya sa giya, shi kuma ya durƙusa ya kama bututun biyu, ɗaya a kowane hannu, ya yi shiru. Wanda ya fara ɗumi shi ne mai fita. Idan bai gamsu ba sai ya cire ɗaya, ya tara galan, ya ce, "Tayar! Kashe!" cikin daƙiƙa biyu, ya ga ta inda man ya tsarto.

Sai wurin ɗaurawa. Gaban kwandensar esi ne ya fi, a bayan ragar gaba, inda iska ke shiga idan ana gudu, fanka kuma ke zuƙowa idan an tsaya. Amma duk abin da aka sa a nan yana tare wa lagireton inji iska, don haka gwani ba ya ɗauko ƙato don a ce an yi aiki. Yana auna girman motar da irin wahalar da take sha. Mai zuwa ofis daga Fadamar Mada da mai lodin Gombe ba buƙatarsu ɗaya ba. A cikin ƙananan lagireton akwai mai bututu guda da ke lanƙwasawa cikin siraran fukafukai, shi ne mai araha. Akwai mai faranti jere a kan juna, wanda ya fi kwashe zafi a ƙaramin wuri. Idan bakunan za su kalli gefe, man ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama, don ya kore iskar da ke ciki. Kuma ana yi masa ƙafafu na ƙarfe da roba a tsakani, ba a barin sa yana goga da kwandensa har ya huda ta.

Tiyo shi ne inda ake gane wanda ya iya da wanda ya gani a wurin wani. Tiyon fetur da tiyon ruwa duk za su shiga bakin bututun, amma zafaffen man giya yana lalata su a hankali, ranar da ɗaya ya fashe kuwa famfon giya zai zubar da man cikin 'yan mintuna, wataƙila a kan salansa mai zafi. Don haka tiyon da aka yi domin man giya kaɗai ake sawa. Idan aka yanka bututun ƙarfe, ana ɗan buɗa bakinsa ya yi leɓe, don kada matsi ya zare tiyon, a ɗaure da kilif biyu. A bi da shi nesa da salansa da bel, ba lanƙwasa mai tsanani, duk inda zai taɓa kaifin ƙarfe a naɗe shi. Wannan ɓangaren ne ke cin lokaci, kuma shi ne mai mota ba zai taɓa gani ba, domin bamba ta rufe shi.

Ba kowa ke iya sayen sabo ba, shi ya sa ake kawo na hannu daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, galibi waɗanda aka ciro daga manyan jif. Suna aiki sosai, da sharaɗi guda. Motar da aka ciro shi wataƙila giyarta ce ta mutu, ɓurɓushin ƙarfenta yana nan kwance a ciki. Mai hankali yana wanke shi gaba da baya, ya hura iska, ya maimaita har abin da ke fita ya zama tas. Wanda na ƙi jini shi ne a ɗauko tsohuwar kwandensar esi a ce ai duk ɗaya ne. Hanyoyin cikinta ƙanana ne, suna shaƙe man, kuma man da ke dawowa daga sanyaya shi ne ke shayar da haƙoran giya.

Wasu suna cire lagireton asali daga layin gaba ɗaya, kuma suna da hujja. Idan bututun cikinsa ya tsage, ruwa da mai suna gauraya, ruwa kuma yana ɓare faiba. Wannan ya addabi Nissan Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010. A irin waɗannan, ko inda lagireton ya tsufa, ba na ganin laifinsu. Amma a motar da take lafiya na fi yarda da masu barin sa, domin yana da aiki na biyu: da asuba cikin hunturu, musamman ga wanda ya kwana a Jos, shi ne ke ɗumama man da wuri. Mai sanyi yana da kauri, giya tana jan ƙafa wajen canzawa, kwamfuta ba ta barin kulocin kwanbata ya kama, fetur yana tafiya. Sanyi fiye da kima shi ma cuta ce, kamar dai yadda cire tamostat ɗin inji, al'adar da ta yi katutu a garejojinmu, take cutar da inji.

Bayan an ɗaura, sabon lagireton da tiyonsa sun sha wani kaso na man, dole a cika, kuma da irin wanda littafin motar ya ce: T-IV ko WS a Toyota, Z1 ko DW-1 a Honda, ba duk abin da ya yi ja a jarka ba. Yawancin motoci ana auna su inji yana aiki, man ya yi zafi, mota a shimfiɗaɗɗen wuri. Honda kuwa sai an kashe inji a auna nan take. Daga nan oga ya shiga da kansa, ya miƙa hanyar Jos ya dawo, ya kwanta a ƙarƙashi ya shafa kowace mahaɗa da yatsa. Ya taɓa tiyon shiga, ya taɓa na fita. Dole hannu ya ji bambanci, idan bai ji ba akwai abin da bai yi daidai ba. Sannan ya ce wa mai mota ya dawo bayan mako guda a ƙara matse kilif, domin sabon tiyo yana saki idan ya sha zafi, kuma duk lokacin da aka je wanki a sa ruwa a hankali a wanke ƙurar da ta toshe fukafukan.