Tsakuwa Biyar da Gardamar da Marubutanmu Ke Tsallakewa

Akwai wani sakin layi da ya zama kamar farilla a ƙagaggun labaran da muke karantawa a Wattpad da zaurukan WhatsApp, musamman idan ana son nuna ƙuruciyar jaruma a ƙauye. Za a ce yara sun cika dandali, ana carafke, ana 'yar gala-gala, ana langa. Sai a ja numfashi a ce zamani ya canza, waya ta raba yara da ƙasa. Daga nan jaruma ta girma, attajiri ya tsaya da mota. An jero sunayen wasanni kamar kayan lefe, amma ba a bar mu mun ga ko hannu ɗaya ya cafe tsakuwa ba.

Ƙorafinmu shi ne marubutan sun ɗauki wasan yara a matsayin ado, alhali a cikinsa labari yake. Mu duba carafke. A wata unguwa tsakuwa biyar ake nema, a cilla ɗaya sama, a ɗebi na ƙasa ɗaya-ɗaya, sannan bibbiyu, kafin ta sama ta faɗo. A wata unguwar rami ake tonawa a zuba tsakuwa da yawa. Idan yarinya ta zo hutu daga wani gari, kafin a fara sai an zauna: wadda yatsanta ya motsa tsakuwar da ba ta ɗauka ba, ta faɗi ko a yafe mata? Ƙanwar da hannunta bai kai ba, a ba ta damar sakewa? Babu littafin da za a buɗe, babu babban da za a kira. Yaran ne ke kafa doka, su ne ke karya ta, su ne alƙalai.

Haka abin yake a gala-gala. Tsingaro ya sauka a kan layi, rabi ciki rabi waje, sai musu ya kaure. Mai ƙarfin baki ta yi nasara, ko kuma wadda aka zalunta ta goge zanen da ƙafa ta tafi, kowa ya yi asara. Nan yarinya ke fara gane cewa mai iko ma tana bukatar abokan wasa. Hatta dara, mai rami 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɓangare, wadda manya suka daidaita dokokinta, idan ta faɗa hannun yara sai su rage ramuka, su sa ƙwallon dabino a madadin tsinke, su yi tasu.

Masanin halayyar yara Jean Piaget ya lura da irin wannan a ƙasar Suwizalan. A littafin da ya fitar a 1932 kan yadda yara ke fahimtar daidai da kuskure, ya zauna da yara maza masu wasan ƙananan ƙwallaye a ƙasa yana tambayarsu dokokin wasan. Ƙanana sun ɗauki doka abu ne da aka gada, ba a taɓa shi. Waɗanda suka kai shekara 10 zuwa sama sun gane cewa doka yarjejeniya ce, ana iya sauya ta muddin kowa ya yarda. Wato a kan turɓaya yaro ke fara sanin adalci, tun kafin ya ji kalmar a aji.

Mu da ke rubuta manhaja mun san inda Ludo na waya ya bambanta. Dokar da aka rubuta a manhaja ba ta jin roƙo, ba ta rangwanta wa ƙarami, ba a iya yi mata maguɗi balle a kama mai yi. Wasa ne mai tsafta, amma an cire masa zaman sulhu. Idan akwai abin da yara suka rasa, wannan ne, kuma marubucin da ya tsaya ga kewar farin wata bai taɓo shi ba.

Saboda haka muna roƙon marubutanmu su rage jeri, su ƙara kallo. Jarumar da za ta yi haƙuri da kishiya a babi na 30, a nuna mana ita tana shekara bakwai an yi mata coge a carafke: ta yi shiru, ta watsa tsakuwar, ko ta ƙirƙiro sabuwar doka da za ta rama? Shafi ɗaya na wannan zai sanar da mu halinta fiye da shafi goma na yabon tarbiyyarta. Kuma ba sai an koma shekarun baya ba. Har gobe akwai yara a bakin ƙofofinmu suna musu a kan tsakuwa, marubuci kawai suke jira ya durƙusa ya saurara.