Abin da Álvaro Domecq Ya Ceto Daga Filin Bijimai

A Andalus, kudancin Sifaniya, akwai wasan da suke kira rejoneo: mahayi ɗaya a bisa doki, tsakiyar fili, yana zagaya bijimi yana caka masa gajerun māsu har ya kashe shi. Álvaro Domecq Romero, haifaffen birnin Jerez a 1940, gadon wannan wasa ya yi daga mahaifinsa, Álvaro Domecq Díez, wanda ya taɓa riƙe magajin garin Jerez kuma ya kafa garken bijimai na Torrestrella. Ɗan ya fara fitowa a Ronda a 1959, ya ajiye mashi a 1985. A shekarun 1970 shi da 'yan'uwan nan biyu, Ángel da Rafael Peralta, da José Samuel Lupi ɗan Fotugal, su huɗu suka riƙa cika filaye maƙil. Amma duk wanda ya auna Domecq da yawan bijiman da ya kayar ya auna shi da mudun da ba nasa ba. Gadonsa na gaskiya shi ne raba gwanintar doki da jinin bijimi, ya nuna za ta iya tsayuwa da ƙafarta.

Sai an duba yadda wasan yake kafin a gane nauyin wannan aiki. Asali faɗa da bijimi a kan doki na 'ya'yan sarauta ne, har ƙarni na 18 da fada ta juya masa baya, masu yi a ƙasa suka karɓe fili. A shekarun 1920 Antonio Cañero na Kordoba ya farfaɗo da shi cikin shigar makiyaya. Dokin wannan wasa ba ya sa lifidi. Abin da ke kare shi kawai horo ne. Dole ya yi sukuwa a karkace, ya juya a kan ƙafafun baya, ya tsaya cak, ya nufi ƙaho kai tsaye sannan ya goce a ƙiftawar ido, sau da yawa linzami a sake, mahayi na sarrafa shi da cinya da nauyin jiki kaɗai. Wannan ilimi a ruga aka haife shi, wurin masu kora shanu da doguwar sanda, kuma baki da baki yake tafiya daga uba zuwa ɗa. Ilimin da ke rataye ga wasa guda kuwa, ranar da wasan ya mutu tare za a binne su.

A 1973 aka ba Domecq lambar Dokin Zinariya a Jerez, daga hannun Juan Carlos, a lokacin yana yariman Sifaniya. Don bikin ya shirya wasan da ya sa wa suna "Yadda dawakin Andalus ke rawa": dawaki, kiɗa, mahaya, babu bijimi ko ɗaya. Daga nan aka samu makarantar koyon hawa ta Andalus, wadda ta zauna a gidan Recreo de las Cadenas da ke Jerez, ta kuma sami laƙabin makarantar sarauta a 1987.

Masu kare haƙƙin dabbobi za su ce rawar dawaki ba ta wanke hannun mutumin da ya shafe shekara ashirin da shida yana kashe bijimai, gidansu kuma yana kiwon su don yanka a gaban 'yan kallo. Gaskiyarsu ce, kuma a wannan wasa har dusashe tsinin ƙahon ake yi, abin da ke rage wa bijimin ɗan abin da ya rage masa na kare kai. Domecq bai taɓa juya wa wasan baya ba, ba kuma za a laƙa masa tuban da bai yi ba. Sai dai ana auna gado da abin da ya haifar, ba da niyyar mai shi kaɗai ba. Majalisar yankin Kataloniya ta haramta faɗa da bijimai a 2010, kotun tsarin mulkin Sifaniya ta soke haramcin a 2016. Wasan da ke yawo tsakanin majalisa da kotu ba ma'ajiya ce ta aminci ba.

Su kuwa 'yan gargajiya ƙorafinsu ya fi kaifi: doki ba tare da bijimi ba ado ne kawai, domin tsoron ƙaho shi ke ba kowane juyi ma'ana. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, don wasan da aka maimaita wa 'yan yawon buɗe ido kowane mako yana iya zama holoƙo. Amma an gwada wannan horo a inda babu tafin 'yan gida, gaban alƙalan duniya. A gasar Olamfik ta Atina a 2004, tawagar Sifaniya ta ci azurfa a fannin sarrafa doki, kuma biyu daga cikin mahayanta huɗu, Rafael Soto a kan Invasor da Ignacio Rambla a kan Oleaje, daga makarantar Jerez suka fito.