Tarken Hausar Coci a Zagayowar Shekara: Misali Daga Arewacin Gana

1.0 Gabatarwa

Idan aka yi maganar adabin addini a cikin Hausa, hankalin ɗalibi yakan tafi kai tsaye ga waƙoƙin wa'azi da madahu na malaman Musulunci. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin su ne suka fi yawa, su ne kuma suka fi daɗewa. Sai dai akwai wani rukunin Hausar ibada wanda ya haura shekara ɗari ana rubuta shi, ana rera shi duk ranar Lahadi, amma da wuya a kawo shi aji a yi masa tarke. Wannan rukuni shi ne Hausar coci.

Manufar wannan takarda ita ce a auna wannan Hausa ta fuskar kalandar ibada, wato daga Kirsimeti zuwa godiyar kaka. Za a aza ma'aunin a kan ƙaramar ikkilisiya irin ta garuruwan Karaga da Yendi da Salaga da Bawku a arewacin Gana. Tambayar da za mu bi ita ce: shin Hausar da aka tsara a Zariya da Jos tana ɗaukar nauyin ibadar mutanen da ke magana da wata Hausa dabam?

2.0 Wuri da Jama'a

Karaga gari ne na ƙasar Dagomba, kuma sarautarsa tana cikin sarautu uku da ake bi ta kansu a kai ga gadon Ya Na a Yendi, sauran biyun su ne Savelugu da Mion. A shekarar 2004 aka ba shi gundumar kansa, bayan an raba shi da Gushegu. Yawancin mutanen garin Musulmi ne, harshensu kuma Dagbani. Hausa a wannan yanki harshen zango ne da kasuwa, kuma ta shigo ne ta hanyar fataucin goro. Salaga ita ce babbar kasuwar wannan fatauci har zuwa yaƙin basasar 1892, wanda ya watsa 'yan kasuwa zuwa wurare irin su Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934.

Kiristanci ya zo daga baya. Limaman Katolika sun sauka Navrongo a 1906, 'yan mishan na Assemblies of God sun fara aiki a Yendi a 1931, kuma sai a 1999 aka kafa dayosis ɗin Katolika na Yendi. Saboda haka ikkilisiya a irin waɗannan garuruwa ƙarama ce, kuma gauraye take: manoma daga ƙauyuka, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da aka turo daga kudu, da 'yan kasuwa. A ƙauyuka da yawa katikis ne ke jan ibada, Fada kuwa yana zagayowa lokaci-lokaci. Ingilishi da harsunan gida irin su Dagbani da Kusaal su ne ke kan gaba a ibada. Hausa takan shigo ne a inda jama'a suka gauraya har aka rasa harshen gida ɗaya da kowa ke ji. A Bawku, inda rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya faro tun ƙarshen shekarun 1950, zaɓen harshe ba ƙaramin al'amari ba ne, kuma amfanin Hausa shi ne ba ta ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu ba ce.

3.0 Tushen Hausar Coci

Bajamushen nan J. F. Schön ne ya fara fassara sassan Baibul zuwa Hausa a shekarun 1850. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, kuma Dokta Walter Miller, wanda ya zauna Zariya tun 1905, yana cikin waɗanda suka fi ɗaukar nauyin aikin. Sabuwar fassara ta biyo baya a 1979. Baya ga waɗannan akwai Littafin Waƙoƙi, wanda yawancin abin da ke cikinsa fassara ce daga waƙoƙin cocin Ingila da Amurka. A ɓangaren Katolika kuwa, sai bayan da Majalisar Batikan ta Biyu ta fitar da dokarta a kan ibada a watan Disamba 1963 aka buɗe ƙofar yin Mas da harsunan gida a maimakon Latin.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan littattafai an yi su ne da masu karatu na Nijeriya a zuciya. Wanda ya ɗauke su zuwa Bawku ya ɗauki rubutun da aka auna da bakin Kano da Zariya.

4.0 Kalmomin Kalanda

Ana iya kasa kalmomin kalandar coci gida uku.

Kashi na farko shi ne kalmomin da Hausa ta riga ta aro daga Larabci ta hanyar Musulunci, irin su Allah, idi, addu'a, sujada, mala'ika, annabi, bishara, zakka da Almasihu, tare da azumi wadda ita ma ta shigo da addinin. Masu fassara sun yi hikima da suka karɓe su, domin kowa ya san su. Fassarar 1932 ta ce Yesu Kristi, ta 1979 ta koma Yesu Almasihu, kuma a ganina wannan ci gaba ne, domin Bahaushe ya daɗe da sanin kalmar Almasihu. Amma aron yana da tsada. Ɗauki azumi. Ga Musulmi, azumi shi ne kame baki daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana. Ga ɗan Katolika kuwa, azumin dole yana kan Larabar Toka da Juma'ar da aka gicciye Yesu, inda ake cin cikakken abinci sau ɗaya, sannan a kaurace wa nama a ranakun Juma'a na kwanaki arba'in ɗin. A 2025 azumin Ramadan ya kama a farkon watan Maris, Larabar Toka kuma ta faɗo ranar 5 ga wannan wata. Maƙwabta biyu a zango ɗaya kowa na cewa yana azumi, amma ɗaya yana shan ruwa da rana. Kalmar ta faɗaɗa ma'ana, kuma wajibi ne mai nazarin ma'ana ya rubuta ma'anonin biyu. Haka zakka take: a coci kashi ɗaya ce cikin goma na abin da mutum ya samu, alhali zakkar kuɗi a Musulunci kashi ɗaya ce cikin arba'in.

Kashi na biyu shi ne kalmomin da aka kwaso daga Girkanci da Ingilishi aka yi musu kwaskwarima: Kirsimeti, Ista, Fentikos, baftisma, ikkilisiya, firist. A nan ne rauni ya fi yawa. Kirsimeti ta zauna daram, har Musulmi na amfani da ita. Fentikos kuwa ba ta gaya wa mai sauraro komai, alhali asalinta a Girkanci lissafi ne kawai, wato rana ta hamsin bayan Ista. Da an ce Idin Kwana Hamsin, da yaro ma ya gane. Ita ma firist ba ta fita daga shafin littafi ba. A rediyo da kasuwa limamin coci ko Fada ko fasto ake ji.

Kashi na uku shi ne ƙirƙira daga cikin Hausa: Idin Ƙetarewa, Idin Bukkoki, Jibin Ubangiji, Larabar Toka, godiyar kaka, baiko. Wannan kashi ya fi kowanne nasara. Idin Ƙetarewa yana ɗauke da labarinsa a cikin sunansa, abin da Faska, wadda ake ji a bakin wasu, ba ta yi. Jibi tsohuwar kalma ce ta abinci wadda ta fara ɓacewa daga bakin matasa, amma coci ya adana ta.

5.0 Kalandar Turai a Gonar Dagomba

Kalandar coci ta girma ne a ƙasashen da ke da yanayi huɗu. A can Kirsimeti na zuwa cikin dogon dare da dusar ƙanƙara, Ista kuma tana zuwa lokacin da itatuwa ke toho. Lokacin da nake karatu a Turai na gane cewa hotunan da ke cikin waƙoƙin waɗannan bukukuwa abin da mutum ke gani ne ta taga. A Karaga taga na nuna wani abu dabam.

Makonni huɗu na jiran Kirsimeti suna farawa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. A arewacin Gana wannan ƙarshen kaka ne: ana sussukar dawa, rumbu ya cika, hazon hunturu ya sauka. Larabar Toka tana faɗowa tsakanin 4 ga Fabrairu da 10 ga Maris, saboda haka azumin yana tafiya ne zuwa cikin tsananin zafin bazara, lokacin da rijiyoyi ke ja baya, daji kuma ya sha gobara ya koma toka. Ista tana zuwa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, gab da ruwan farko. Fentikos kuma, tsakanin 10 ga Mayu da 13 ga Yuni, ta dace da shuka da tsintar kaɗanya.

Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga cewa ƙasar ta ba mawaƙi hotuna kyauta. Toka a goshi da toka a daji abu ɗaya suke faɗa. Tashi daga matattu da tsiron farko bayan watanni na ƙura sun dace da juna fiye da yadda furannin Ingila suka dace da mutumin Yendi. Babban laifin fassararrun waƙoƙi shi ne sun bar wannan arziki a ƙasa. Da wuya ka ji hunturu ko bazara ko rumbu a cikinsu. Bikin da ya tsira daga wannan laifi shi ne godiyar kaka, domin ranarsa ba daga Turai ake aiko ta ba. Ikkilisiya ce ke tsayar da ita, a kawo doya da masara da zabi a gaban jama'a, a yi gwanjonsu domin aikin coci. A nan ibada ta yi kafaɗa da bukukuwan gida irin su Samanpiid na Kusasi, wanda shi ma na godiyar amfanin gona ne.

6.0 Waƙa da Nauyin Gaɓa

Ɗalibai sun san cewa waƙar Hausa tana tafiya ne a kan nauyin gaɓa: gaɓa marar nauyi mai baƙi da gajeren wasali, da gaɓa mai nauyi mai dogon wasali ko mai rufewa da baƙi. Waƙar Ingilishi kuwa tana tafiya ne a kan ƙarfin furuci da ƙidayar gaɓoɓi. Masu fassara sun ƙidaya gaɓoɓi domin su dace da karin da aka aro, ba su auna nauyinsu ba. Sakamakon haka, dogon sauti na iya faɗawa a kan gajeren wasali. Idan aka ja gaɓar farko ta gari, wato birni, sai ta koma gari na tuwo. Haka nan karin sauti: kai na wakilin suna da kai na jiki karin sauti ne ya raba su, amma karin waƙar da aka aro bai san da wannan bambanci ba.

A gwada wannan da waƙoƙin Zumuntar Mata na arewacin Nijeriya, waɗanda matan da kansu ke tsarawa da Hausa, jagora na bayarwa 'yan amshi na karɓa, ana buga tulu. A cikinsu kari yana bin magana, shi ya sa ake haddace su ba tare da littafi ba. Ga ƙaramar ikkilisiyar da ba kowa ke karatu ba, wannan tsari shi ne ya fi amfani, kuma ta fuskar adabi shi ne ya fi cancantar a kira shi waƙar Hausa.

7.0 Karin Harshen Gana

Hausar Gana tana da siffofinta. Ana furta ky kamar c, gy kuma kamar j, sai kyau ta koma cau, gyara ta koma jara. Bambancin jinsin namiji da tamace ya raunana ƙwarai, ya ta mamaye wurin ta. A bakin waɗanda Hausa ba harshen uwa ba ne gare su, ɓ da ɗ da ƙ sukan koma b da d da k.

A kasuwa wannan ba ya hana ciniki. A ibada kuwa yana taɓa ma'ana. Idan ɓ ta faɗi, saɓo da sabo sun kusa zama kalma ɗaya a kunne, alhali wa'azin Ista duka a kan barin saɓo ne zuwa sabon rai. Idan ɗ ta faɗi, Ɗan Allah, wanda shi ne tsakiyar aƙidar Kirista, sai ya yi kama da dan Allah na roƙo. Haka kuma, a daidaitacciyar Hausa ikkilisiya tamace ce, abin da ke tallafa wa siffanta ta da amarya. Inda jinsi ya ɓace, nahawu ya daina tallafa wa wannan siffa.

Wannan ba hujja ba ce ta raina Hausar Gana. Kari ne mai tsarinsa kamar Sakkwatanci ko Katsinanci. Laifin yana ga ɗaukar littafi ɗaya a ce ya wadatar daga Wusasa har Bawku. Mai karatu a gaban jama'a yakan gyara da bakinsa, ya sauya kalma, ya maimaita da Kusaal ko Dagbani. A lokacin sanarwa, inda ake faɗin wanda ya haihu, da wanda ke kwance asibiti, da ranar noman gayya a gonar coci, littafi a rufe yake, kuma a nan ne ake jin Hausar wurin yadda take.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa Hausar coci ta fi ƙarfi a inda ta ƙirƙira daga cikin gida, kamar Idin Ƙetarewa da godiyar kaka da waƙoƙin mata, ta kuma fi rauni a inda ta kwafo sauti ko kari daga waje ba tare da aunawa ba. Aron da ta yi daga kalmomin Musulunci ya sauƙaƙa fahimta, ya kuma haifar da ma'anoni biyu da ya kamata ƙamus ya rubuta.

Aikin da ake buƙata daga ɗalibi shi ne ya zaɓi waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi da wata ta Zumuntar Mata, ya yanka baitocinsu gaɓa-gaɓa, ya nuna inda dogon sauti ya faɗa a kan gaɓa marar nauyi. Wanda ke da hanyar zuwa Bawku ko Salaga ya nemi izinin shugabannin ikkilisiya, ya ɗauki karatu da sanarwa na Lahadi ɗaya, ya kawo mu kwatanta su a aji.