Yadda Masassaƙan Lamu Suka Ƙera Jirgi da Sharar Teku

Lamu tsibiri ne a gaɓar tekun Kenya, tsohon garin Sawahilawa da har yau jakuna ke yi masa dako saboda ƙuncin lungunansa. Sharar ƙaramin tsibiri irin wannan ba ta da wurin zuwa. Fili kaɗan ne, kai ta babban tudu kuma sai an biya kuɗin jirgi. Mai son jiki sai ya cinna mata wuta, ko ya bar wa igiyar ruwa ta tafi da ita. Ga kuma wadda teku ke kwasowa daga nesa, tana maƙalewa a saiwoyin itatuwan bakin ruwa, inda ƙananan kifaye ke samun mafaka. A wannan gari ne masassaƙi Ali Skanda da abokan aikinsa suka haɗa jirgin da suka sa wa suna Flipflopi, da robar da aka tsinto a bakin teku da cikin garuruwa.

Kafin masassaƙi ya taɓa komai, masu tsinta ne ke fara aikin, da yawansu mata. Sukan bi gaɓa idan ruwa ya janye, su cika buhuna, a auna a sikeli a biya su. Daga nan sai tantancewa, wadda a ganina ita ce mafi wuyar aikin duka. Roba ba iri ɗaya ba ce. Duba gindin jarka ko bokiti, za ka ga lamba a cikin 'yar alama mai kusurwa uku. Lamba 2 ita ce ta jarkoki da manyan robobin mai, tana narkewa a zafin da ya kai kusan digiri 130. Lamba 5, ta bokitai da murafe, sai wajen 165. Lamba 1 kuwa, ta gorar ruwan sha, sai zafi ya kai kusan 250. In aka cakuɗa su, ɗaya ta narke ɗaya na nan da ƙarfinta, sai a samu katako mai rauni a ciki, wanda ido ba ya gani sai ranar da ya karye. To, robar da ta shekara a teku rana ta cinye lambarta. Nan gwani ke aiki da hannu da kunne: ya lanƙwasa, ya ƙwanƙwasa ya saurari ƙararta. In shakka ta rage, ya jefa gutsure a ruwa, domin 2 da 5 suna tasowa, ta 1 kuwa nutsewa take yi.

Bayan nan a wanke, saboda yashi yana dakushe wuƙaƙen inji. A shanya har ta bushe sarai, don ɗigon ruwa kan zama tururi ya bar rami a cikin katako. Sai injin niƙa ya mayar da ita ɓarzajjiya, a zuba a wani bututu mai zafi da ƙarfe mai murɗe ke juyawa a cikinsa, yana tura narkakkiyar roba gaba kamar injin taliya. Tana fitowa ta shiga mazubin ƙarfe da aka ƙera da siffar abin da ake so: ƙashin bayan jirgi, ko haƙarƙarinsa, ko allunan jikinsa. Ba a gaggawar buɗe mazubi. Roba tana tsukewa idan tana hucewa, wadda aka fitar da zafinta kuma karkacewa take yi.

Sai gizago ya karɓi aiki. Masassaƙan Lamu sun gaji ƙera dau, wato jirgin da iska ke turawa da ƙyalle mai kusurwa uku, kuma yawancin ma'auninsu a ido yake da igiya. Sun shimfiɗa ƙashin baya, suka kafa haƙarƙari, suka jera alluna kamar yadda kakanninsu suka yi, amma dole suka sake koyon halin abin da ke hannunsu. Roba ta fi itace lanƙwasuwa, tana buɗewa a rana, don haka sai an ƙara wa sassa kauri, an kuma yi lissafin motsinta a duk mahaɗa. Ladar wahalar ita ce ba ta ruɓewa, tsutsar ruwa mai huda katako ma ba ta cinta. A ƙarshe aka wanke silifas kusan 30,000, aka yanka, aka manne su faifai-faifai, aka lulluɓe jikin jirgin da su, ja da shuɗi da rawaya.

An tattara robar da ta kai kusan tan 10 don wannan jirgi mai tsawon mita 9, aka sa shi a ruwa a 2018. A Janairun 2019, lokacin da iskar kaskazi ke busowa daga arewa maso gabas, ya tashi daga Lamu ya yi tafiyar kusan kilomita 500 har Zanzibar. A 2021 kuma aka kai shi Tafkin Biktoriya, ya ratsa ruwan Kenya da Uganda da Tanzaniya.