Daga Kalangu Zuwa Fiyano: Waƙar Ce Ta Lalace Ko Kunnen Ne Ya Tsufa?

Akwai wata magana da ba ta tsufa a bakin Bahaushe, wato "waƙa ta lalace". Duk majalisar da ka zauna, matuƙar akwai mutum biyu da suka haura shekara arba'in, to da wuya a tashi ba a faɗe ta ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, masu faɗin ta a yau su ne samarin da aka riƙa yi wa faɗa a farkon shekarun 2000 saboda sun cika gida da kaset ɗin Sangaya da Wasila. A lokacin iyayensu sun ce musu wannan ba waƙa ba ce, kwaikwayon Indiya ne kawai da kururuwar fiyano. Yau ga su sun zama iyaye, suna leƙa wayar 'ya'yansu suna girgiza kai, suna cewa ina ma a dawo zamanin Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha, lokacin da ake waƙa mai ma'ana!

To, mai karatu, kada ka yi saurin yi musu dariya, domin su ma iyayen nasu haka aka yi da su. Marigayi Dakta Mamman Shata da muke kira ginshiƙin al'ada a yau, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ba da tafi aka karɓe shi ba tun farko. Mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba. Dattawan da kunnensu ya saba da taushi da kotson fada, irin na su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, kallon mawaƙin 'yan duniya suka yi masa, mai bin otal-otal da wuraren shaƙatawa yana wasa direbobi da 'yan kasuwa da matan bariki. Masu kukuma irin su Garba Supa da Hassan Wayam kuwa ba a ma magana, don an daɗe ana ganin duk inda aka ji kukuma ko goge to ba wurin zaman mutumin kirki ba ne. Yau kuma da waƙoƙinsu ake kafa hujja a ɗakunan karatu na jami'a, ana rubuta kundin digiri a kansu.

Saboda haka kashi mai yawa na wannan kuka ba a kan waƙa ake yin sa ba, a kan ƙuruciya ake yin sa. Waƙar da mutum ya ji tsakanin balagarsa da aurensa na fari ita ke zame masa ma'auni har ya mutu. Da ita ya fara zuwa zance, ita ake sawa a shagon aski da motar haya ranar da ya fara samun kuɗin kansa, ita aka sa a bikin abokinsa. Idan ya ji ta bayan shekara ashirin, ba muryar mawaƙin kaɗai yake ji ba, har da ƙamshin turaren wata yarinya da ta daɗe da auren wani. Wace sabuwar waƙa ce za ta yi gasa da wannan?

Amma ni ban yarda a tsaya nan a ce ai duk ɗaya ne, kowane zamani da nasa, a shafa fatiha a tashi ba. Wannan lalaci ne irin na mai sharhin da ba ya son ɓata wa kowa rai. Akwai abin da aka yi asara da gaske, akwai kuma ribar da aka ci, kuma ya kamata a faɗi kowanne da sunansa.

Mu fara da yadda fiyano ya shigo. Kunnen Bahaushen birni ya riga ya jiƙu da karin Indiya tun kafin a san za a yi wani abu wai shi fim ɗin Hausa. Gidajen silima na Kano irin su Palace da Plaza da Orion da Marhaba sun shafe shekaru suna nuna finafinan Indiya, muryoyin Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar suka zama kamar na 'yan gida. Abdu Yaron Goge ya ari karin wasu waƙoƙin Indiya ya ɗora musu Hausa, 'yan Islamiyya suka ara, sha'irai masu bege suka ara, har aka sami ƙungiyar da ta kira kanta Ushaƙu Indiya a Kano. Aron kari ma ba sabon abu ba ne a wurinmu, tunda masana sun nuna cewa Malam Aliyu Namangi a kan karin kiɗan caji ya gina Imfiraji, waƙar wa'azin da ba a taɓa jin wani ya ce ta saɓa wa al'ada ba. Don haka lokacin da aka fara fim na bidiyo da Turmin Danya a 1990, ƙasa ta riga ta sha ruwa, shuka kawai ake jira.

Shata ya rasu a watan Yunin 1999. A daidai wannan tsakanin ne kamfanin Sarauniya ya fito da Sangaya, wanda Aminu Mohammed Sabo ya ba da umarni, Ali Nuhu da Fati Mohammed suka ja ragama. Wanda bai ga wannan lokaci ba ba zai gane irin yadda waƙar fim ɗin ta mamaye gari ba, daga Kano har Maraɗi da Damagaram. Abin da mutane suka manta shi ne, sirrin waƙar ba Indiyanci ba ne. Makaɗin ya lalubo sautin sarewa da ganga masu kama da na gida daga cikin fiyanon Yamaha, aka ɗora musu amshi irin na 'yan mata a dandali. Wato gaɗa ce ta sa sabon kaya ta shigo birni. Sunan "nanaye" da aka laƙaba wa irin waɗannan waƙoƙi ma daga amshin 'yan matan dandali ya samo asali. Daga nan 'yan kasuwa suka gane inda kuɗi yake. Aka kai matsayin da furodusa zai fara zuwa sutudiyo ya sayi waƙa uku, sannan ya nemi marubuci ya ce a ƙirƙiro labarin da zai ɗauke su. Fim ya zama ɗan rakiyar waƙa. Duk wanda ya sayi kaset a Bata ko Ƙofar Wambai a wancan lokaci ya san abin da nake faɗa: ana tura labarin gaba a tsaya a kan rawar.

Ga asarar. Kiɗan gargajiya zance ne tsakanin mutane masu rai. Ka saurari Bakandamiyar Shata a ɗauka biyu daban-daban, ba za ka same su iri ɗaya ba, domin yana kallon wanda ke gabansa, yana jin yadda kalangu ke amsa masa, ya ja baiti ko ya taƙaita, ya jefa habaici ga wanda ya shigo fili yanzun nan. Kalangu kansa magana yake yi, ana matsa tsirkiyarsa ya hau ya sauka daidai da hawa da saukar harshen Hausa. Fiyano ba ya wannan. An danna masa bugu ɗaya, a kansa zai tafi har ƙarshe, mawaƙi ne zai lanƙwasa kalmominsa su shiga ciki, ko da kuwa za a ja wasalin da ba a ja, a karya kalma a inda ba ta karyuwa. Da na'urar gyaran murya ta zo kuma sai muryoyi suka koma kamar 'yan gida ɗaya. A da ko cikin barci ka ji Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, ko Haruna Uji da gurminsa, ko Barmani Choge da ƙwaryarta, ba ka bukatar a gaya maka. Yanzu sai mawaƙi ya ambaci sunansa da na sutudiyo a farkon waƙa, in ba haka ba a ba wani ladan aikinsa.

Sannan fagen ya ƙuntata. Ɗan'anace ya yi wa 'yan dambe, Gambu ya yi wa ɓarayi, akwai na manoma da na mahauta da na maƙera, Ɗanmaraya ya tsaya ya dubi karen mota ya yi masa waƙa, Shata har kumbon Apollo 11 da Amurkawa suka harba a 1969 bai bari ba. Waƙar fim kuwa ta shekara goma tana zagaye a wuri ɗaya: zuciya, hawaye, fure, madara da zuma.

Ribar fa? Ita ma tana nan, kuma masu kukan ba su cika son a ambace ta ba. Ta farko, an raba waƙa da roƙo. A tsarin da, makaɗi yana ƙarƙashin ubangida ne, sarki ko attajiri, kuma komai shahararsa ana yi masa kallon maroƙi, har a hana shi aure a wasu gidajen. Waƙar fim ce ta sa ɗan malam da ɗan boko da ɗan kasuwa suka shiga sutudiyo ba tare da sun gaji kiɗa ba, masu saurare suka zama su ne iyayen gida. (Kodayake 'yan siyasa sun dawo da tsohon tsarin ta bayan gida, duk wanda ya ga yadda ake yi da su Rarara a kakar zaɓe ya san ubangida bai mutu ba, riga ya canza.) Ta biyu, mace da namiji suka tsaya a waƙa ɗaya suna amsa wa juna a kan so, abin da littattafan su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa suka riga suka fara a takarda. Masu karanta littattafan nan su ne dai masu sayen kaset ɗin. Muryoyin Fati Nijar da Maryam A. Baba sun shiga ɗakunan da muryar mace mawaƙiya ba ta taɓa shiga ba sai ranar biki. Ta uku, wadda ta fi burge ni, ita ce shigowar ƙa'idar rubutacciyar waƙa. Makaɗan baka ba su damu da amsa-amo ba sosai, wannan gadon su Aƙilu Aliyu da Mu'azu Haɗeja ne. Amma ka saurari Aminu Ala, wanda marubucin littattafai ne kafin ya shahara a waƙa, za ka ji baiti a tsare, ƙafiya a zaune, ga Hausa mai nauyi a kan kiɗan fiyano. Shi kaɗai ya isa hujja cewa laifin ba na na'ura ba ne.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, abin da ake jin waƙa da shi yana gyara kunne fiye da yadda mawaƙi ke gyara shi. A zamanin da Rediyon Kaduna ke shirin Zaɓi Sonka, gida guda rediyo guda, abin da maigida ya kunna shi kowa zai ji, don haka yaro ya haddace Ɗanƙwairo ko yana so ko ba ya so. Kaset ya ba matasa da matan aure damar zaɓen nasu. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, bayan 'yan shekaru aka sami memori da masu tura waƙa a bakin kasuwa, sai kowa ya koma da kiɗansa a aljihu. Dakatar da shirya fim da aka yi a Kano a 2007 da takurawar Hukumar Tace Finafinai da ta biyo baya sun ƙara tura mawaƙa su tsaya da ƙafarsu, kuma a shekarun da suka biyo ne su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Nazifi Asnanic suka zama taurarin da ake sayen album ɗinsu don su, ba don wani fim ba. Da finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka karɓe kasuwa daga 2020, sai rawa da waƙa suka ja baya a cikin fim, auren da aka ɗaura a zamanin Sangaya ya yi sanyi. A shekarar ce kuma Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta zagaye duniyar Hausawa ta wayoyi, lokacin kullen korona, ba tare da ta jira wani furodusa ba. Yanzu da TikTok ke jan akala, daƙiƙa talatin ake nema daga cikin waƙa, wurin da za a yi rawa ko a kwaikwayi baki. Mawaƙin da ya san haka me zai sa ya wahalar da kansa a kan baiti na bakwai? Shata kuwa yakan yi rabin awa a kan waƙa ɗaya bai maimaita kansa ba.

Duk da haka, kunne ba tafiyar miƙe yake yi ba, yakan waiwaya. Na lura da yawa daga cikin 'yan zamanin Sangaya, da suka kai shekarun riƙe gida, sun koma neman Narambaɗa da Sa'idu Faru, waƙoƙin da suka riƙa tserewa suna yara. Dalili kuwa a fili yake. Zambo da habaici ba sa shiga kunnen wanda bai taɓa samun maƙiyi ba. Sai mutum ya yi takara an kayar da shi, ko ɗan'uwa ya ci amanarsa a kan gado, ko ya ga yadda ake fadanci a ofis, sannan zai ji abin da Narambaɗa ke nufi idan ya juya kan 'yan sarkin da ke hamayya da ubangidansa, Sarkin Gobir na Isa. Su ma mawaƙan zamani sun ji wannan ƙishirwa. Naziru Sarkin Waƙa ya gina sunansa ne a kan salon fada da kirari, ga Ado Gwanja da ya ɗauko salon kiɗan mata na gidan biki, fagen su Barmani, ya sabunta shi.

Inda nake jin tsoro shi ne ranar da yaran yau za su waiwaya su tarar babu abin da za su gani. Barmani ta rasu a 2013, Ɗanmaraya a 2015, kuma masu ɗaure kalangu da masu ƙera kuntigi ba ƙaruwa suke yi ba. Su tsofaffin ma sun yi sa'a, gidajen rediyo sun ɗauke su, masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun rubuta tarihinsu, an yi wa Shata littafi guda, Shata Ikon Allah, a 2006. Waƙoƙin fim na 1997 zuwa 2005 su ne marayu. Manya sun raina su tun farko don haka ba a adana su ba, kamfanonin da suka yi su da yawa sun rufe, kaset kuma ba ya jure zafi da ƙura. Abin da ya rage a YouTube yawanci kwafin kwafi ne, sauti ya dushe, an rubuta sunan jarumin da ya yi rawa a fim a matsayin mawaƙi, shi kuwa wanda ya rera da wanda ya buga fiyanon ko ambatonsu babu.