Lauryn Hill da Jita Ɗaya: Nazarin Wasanta na 2001

Waƙar soul, wato salon da baƙaƙen fatar Amurka suka gina a kan waƙoƙin coci, ta dogara ne da murya. Saboda haka, mai son auna mawaƙin wannan fanni sai ya saurare shi ba tare da tarin makaɗa ba. Irin wannan ma'auni Lauryn Hill ta hau a watan Yuli na 2001, a ɗakin ɗaukar shirye-shirye na tashar MTV da ke birnin New York.

Kafin nan ta yi suna a ƙungiyar Fugees, sannan ta fitar da faifai na ƙashin kanta a 1998, wanda ya jawo mata lambobin Grammy 5 a 1999. Daga nan sai ta ja da baya. Da ta dawo, zama ta yi gaban 'yan kallo kaɗan, da jita a hannu, babu 'yan amshi, ta rera waƙoƙi waɗanda galibinsu sababbi ne. An fitar da wasan a 2002 da sunan MTV Unplugged No. 2.0.

A nawa ganin, ƙarfin wasan yana cikin baitocinsa. Jigoginsu su ne 'yancin kai, da rashin adalci a kotuna, da neman kwanciyar hankali. Muryarta ta dishe, har ta yi kuka a cikin "I Gotta Find Peace of Mind", kuma aka bar shi haka a faifan. Wanda ya saba sauraron Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa ya san cewa mai waƙa shi kaɗai ba shi da maɓoya.

Sai dai akwai rauni. Jawaban da take yi tsakanin waƙoƙi sun yi tsawo. Haka kuma kiɗan jitar bai cika sauyawa ba, har waƙoƙin suka riƙa kama da juna. Faɗar gaskiya ba ta ɗauke wa mawaƙi nauyin tsara waƙarsa.

Masharhanta da dama sun kushe faifan lokacin da ya fito. Amma a 2004 Kanye West ya gina amshin "All Falls Down" a kan waƙarta "Mystery of Iniquity", abin da ke nuna baitocin suna da nagarta. Hukuncina shi ne, tsaba ce mai kyau da aka kai kasuwa ba a sheƙe ba. Ya cancanci a saurare shi, amma da haƙuri.