Koya wa Yara Tsara Shafi a Kwamfuta: Sharhi a kan Wata Manhajar Ingila

A cikin wannan takarda za mu duba wani rukunin darussa da aka shirya wa ’yan firamare a Ingila, wanda ya shafi tsara shafi a kwamfuta, watau sanin inda kanu zai zauna, da inda hoto zai shiga, da girman da ya kamata haruffa su yi. Muna ganin rukunin yana da amfani, amma jerin da aka bi wajen shirya shi yana da gyara.

Asalin al’amarin shi ne, a watan Janairu na 2012 ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ta fitar da rahoto wanda ya soki yadda ake koyar da kwamfuta a makarantun Birtaniya. A watan Satumba na 2014 aka soma aiki da sabuwar manhaja a Ingila, sa’an nan a 2018 gwamnati ta kafa cibiya ta musamman domin ilmin kwamfuta. A ƙarƙashin wannan cibiya ne aka fito da jerin darussan da ake kira Teach Computing, inda aka keɓe wa ’yan aji uku, masu shekara 7 zuwa 8, darussa shida a kan tsara shafi. Yaro zai fara da bambanta rubutu da hoto, ya koyi sauya girman haruffa da launinsu da ƙirarsu. Daga nan sai a nuna masa yadda ake tsayar da shafi ko a kwantar da shi, a kuma sa shi ya zana ƙwarangwal ɗin bangon mujalla, da guraben da za a cike daga baya. Sai bayan wannan ne zai zuba kalmomi da hotuna, kuma sai can wajen ƙarshe ake nuna masa cewa kowane irin tsari yana da manufarsa.

Ba za mu ƙi yaba wa waɗanda suka shirya darussan ba. Sun sa yaro ya ƙera nasa ƙwarangwal, ba su miƙa masa shiryayye ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a zamanin da furogiram ke cike da dubban shiryayyun shafuka. Har ila yau sun gane cewa ɗan shekara bakwai yana iya lura da dalilin da ya sa ake rubuta gargaɗi da manyan haruffa.

To amma abin dubawa shi ne, me ya sa gurbi ya riga magana? Mai tsara shafi na gaskiya yakan karɓi rubutu ne tukuna, ya karanta, ya gane wace jimla ce ta fi nauyi, sa’an nan ya ba ta wurin da ido zai fara sauka. Idan aka juya wannan jeri, yaro zai ɗauka cewa aikinsa shi ne cike akwatuna, sai ya yi ta datse maganarsa ko ya yi ta jan ta domin ta yi daidai da gurbin da ya riga ya zana. Gaskiya ne masu mujallu suna aiki da ƙwarangwal tsayayye, amma sun kai ga hakan ne bayan sun san masu karatunsu da irin labaran da suke bugawa. Yaron aji uku bai san ko ɗaya ba, domin mujallar tasa bango ce kawai, ba ta da ciki, ba kuwa wanda ke jiran fitowarta.

A nan ne ya kamata a tuna da aikin Célestin Freinet, malamin firamare a ƙauyen Bar-sur-Loup da ke kudancin Faransa, wanda ya shigar da ƙaramin injin ɗab’i cikin ajinsa a 1924. Yaransa sukan rubuta abin da ransu yake so, su karanta wa ’yan’uwansu, aji ya zaɓi guda, a taru a gyara shi, sa’an nan a jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya a buga. Daga 1926 suka riƙa musayar abin da suka buga da wata makaranta a lardin Bretagne, can yammacin ƙasar. Watau kafin yaro ya taɓa harafi, akwai magana a hannunsa, akwai kuma wasu yara a nesa da za su karanta. Daɗin daɗawa, wahalar jera dalma takan tilasta masa ya yi tunani kafin ya bar fili ko ya ƙara girman kanu, domin warware layi aiki ne. Kwamfuta ta kawar da wannan wahala, abin murna ne kuwa, sai dai ta tafi da jinkirin da ke cikinta. Saboda haka malamai suka saba ganin shafi guda da ƙirar haruffa iri biyar da launi bakwai. Ba muna cewa a koma wa dalma ba ne. Muna cewa aikin da dalma take yi ya koma wuyan malami, shi zai riƙa tambayar yaro dalilin kowane sauyi.

Akwai kuma batun kayan aiki, wanda ba ya daɗewa. PageMaker, da kamfanin Aldus ya fitar a 1985 domin kwamfutar Macintosh, shi ya buɗe wannan fage. Adobe ya sayi kamfanin a 1994, kuma fitowar furogiram ɗin ta bakwai, a 2001, ita ce babbar fitowarsa ta ƙarshe. Wanda aka koya wa maɓallansa kawai ya tashi a banza, wanda kuwa aka koya wa dalilin barin gefe da tazarar layi yana nan da abinsa.

Ga malaman da za su ari waɗannan darussa su koyar da Hausa, akwai ƙarin matsala guda. Da yawa daga cikin ƙirar haruffa masu ƙayatarwa ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai kwamfuta ta aro su daga wata ƙira, ko ta sa ɗan akwati a madadinsu. Ya kamata a sa yara su gwada kowace ƙira da kalmomi irin su ɓera da ɗaki da ƙofa kafin su zaɓe ta, a kuma yi wannan tun a darasi na biyu, inda ake fara taɓa haruffa.